Injin Huda Kankare Mai Batir: Jan Kunne Ga Matasanmu Masu Aikin Hannu



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban taro, malamanmu, iyayenmu dattawa da 'yan'uwa matasa, barkanmu da wannan zama. Mu da aka ba dama mu yi magana yau ba injiniyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne masu sayar da kayan aikin hannu, muna kuma ba da hayarsu. Amma wanda ya daɗe yana miƙa kaya, yana karɓarsu bayan an dawo daga aiki, ai ba ya rasa abin faɗi.

Maganarmu a kan injin nan ne na huda kankare mai aiki da batir. A nan Badun matasanmu da dama sun shiga aikin kafa sola, da ɗaura dish, da sa na'urar sanyaya ɗaki, kuma duk da shi suke huda bango. Kwanakin baya wani yaronmu ya karɓi haya, ya hau tsani zai huda ginshiƙi. Bakin injin ya ci karo da rodi ya cije, injin ya murɗe masa hannu, ya faɗo. Wata uku yana jinyar karaya, iyayensa suna can Arewa, sai ƙungiya ce ta yi karo-karo. Da aka dawo mana da kayan, sai muka tarar da mariƙin gefe a cikin akwati, ko ɗaura shi bai yi ba. Wannan shi ya sa muka nemi a ba mu 'yan mintoci.

To, bari mu fara da yadda yake aiki. A cikinsa akwai fistan da ke tura iska, iskar ta tura wani ƙarfe ya riƙa dukan gindin bakin sau dubbai a minti ɗaya, bakin kuma yana juyawa. Ke nan dukan daga injin yake fitowa, ba daga ƙarfinka ba. Danna shi da ƙirji ba ya ƙara sauri, sai dai ya gajiyar da kai, ya ƙona bakin. Irin mazaunin bakin da ake kira SDS, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1975. Ƙaramin, SDS-plus, kaurin gindinsa milimita 10 ne. Babban, SDS-max, milimita 18. In ka sa baki ka ji ya ce ƙas, ja shi ka tabbatar ya kama. Zai riƙa ɗan zamewa gaba da baya, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi.

Abu na farko, rashin waya kada ya yaudare ku. Mai waya in ka zare shi daga soket ya mutu. Wannan kuwa muddin batir na jikinsa a shirye yake, yatsa kawai yake jira. Saboda haka kafin ka canza baki, ko ka share shi, ko ka miƙa wa yaronka, zare batir. In za ka hau tsani da shi, mayar da maɓallin gaba da baya tsakiya, nan ne makullinsa. A gida kuma kada a bar shi inda yara za su kai hannu.

Na biyu, bango. Da, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Yanzu mai batir yana aiki ko babu wuta, sai yaro ya ce ai NEPA sun ɗauke, ya huda inda ya ga dama. Wa ya gaya maka lokacin da za a dawo da ita? Ga janareta, ga inbata. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Je ka kashe babban maɓalli da hannunka, ka tambayi mai gida ko akwai inbata. Kada ka huda saitin soket ko maɓallin fitila, sama ko ƙasa ko gefe, domin nan ake binne waya. A banɗaki da kicin ka tuna da bututun ruwa. Akwai 'yar na'ura da ake goga wa bango ta nuna waya da ƙarfe, ku haɗa kuɗi ku saya. Sannan leƙa bayan bangon, kada baki ya ɓulla kan wani. Sandar awon zurfi da ke zuwa tare da injin, amfaninta ke nan.

Na uku, riƙo. Hannu biyu, ɗaya a baya, ɗaya a mariƙin gefe, a ɗaure tamau. Ware ƙafafu ka tsaya daram, injin ya miƙe sak da bango. Fara a hankali har baki ya sami wurin zama, kana yi kana ɗan zaro shi ƙura ta fita. In ya cije, saki kunamar nan take, ka juya shi baya ka zare. Yawancinsu suna da kuloci da ke saki in baki ya maƙale, amma ba zai cece ka ba in da hannu ɗaya ka riƙe. Aikin sama kuma a kafa dandamali, ya fi tsani. Baki in ya fito daga rami da zafi yake, kada a taɓa.

Na huɗu, jiki. Mu mutanen babbar riga ne da dogon kaftani, amma fa abin da ke juyawa ba ya ga-maciji da tufa mai lilo. Cire ta ka rataye, in an gama ka mayar. Sa gilashin kare ido, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsiyayar da ido. Toshe kunne: masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 tana lalata ji in an daɗe cikinta, wannan inji kuwa ya wuce haka. Ƙurar kankare tana ɗauke da garin yashi mai laushi da ake kira silika. In ya taru a huhu yana sa ciwon da ba ya warkewa, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ɗaura hankici a hanci ba ya tare shi, sai takunkumi irin N95. Kuma a daina hure rami da baki. In ka ji yatsunka sun fara mutuwa saboda girgiza, ajiye ka huta.

Na biyar, batirin kansa. Yawanci na litiyam ne mai bolt 18, ba ya son zafi. Kada a yi cajinsa cikin rana, kada a sa masa cajar da ba tasa ba, kada a jefa shi jaka ɗaya da ƙusoshi ko makullai. Wanda ya kumbura ko ya tsage, a daina aiki da shi. Kada kuma a bar shi kan caji a kulle shago a tafi gida. Duk mun san abin da gobara take yi wa kasuwa.

Daga ƙarshe, mu masu kaya mun yi shawara a tsakaninmu: daga yau ba za mu ba kowa haya ba sai ya ɗaura mariƙin gefe a gabanmu, ya nuna mana gilashinsa. Ku kuma iyayen gida masu yara a hannu, amana ce aka ba ku, ku tsaya a kansu sai hannunsu ya faɗa. Neman halal ya raba mu da gida, muna so kowa ya koma wa iyalinsa da idonsa biyu da yatsunsa goma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kiyaye mu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.