Yadda Za Mu Rubuta Takardar Neman Tallafi: Jawabi Ga Wakilan Makiyaya A Gadarif



Abin da ya tara mu yau shi ne batun takardar neman tallafi. Amma bari mu fara tuna yadda takarda ta shiga tsakaninmu da ƙasar kiwo. Tun cikin shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, kusa da garin nan. A 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman injina, aka ci gaba da yanka daji ana ba mutum ɗaya fadan 1,000 ko fiye don noman dawa da riɗi. A 1970 kuma aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Mai gona ya zo da lasisi da taswira, makiyayi kuwa sai shaidar baki cewa kakanninsa nan suka bi. Ta haka burtalolin da ke kai mu Butana da damina, su dawo da mu wajen kogin Rahad da na Atbara da rani, suka yi ta matsewa. A ofis, jama'a, abin da aka rubuta shi ake dubawa.

To, ƙungiyoyin ba da tallafi ma haka suke. Jami'in da zai karanta takardarmu mai yiwuwa bai taɓa kwana a ruga ba, kuma takardu ne jibge a gabansa. Idan muka rubuta masa cewa makiyaya na cikin wahala a taimaka, zai tausaya, amma ba shi da abin da zai sa wa hannu. Don haka mu zaɓi buƙata guda ɗaya: yashe hafir kaza da ya cike da laka, ko kafa turakun siminti a kan burtali kaza daga wuri kaza zuwa wuri kaza.

Sa'an nan mu kawo ƙidaya, wadda mu da kanmu muka yi. Gidaje nawa ke shan ruwan hafir ɗin? Garke nawa na shanu, raƙuma da tumaki? A wane wata yake ƙafewa, kuma tafiyar awa nawa ce zuwa mashaya ta gaba? Mun san ba al'adarmu ba ce bayyana yawan dukiya, to sai a rubuta jimillar ta unguwa ba tare da sunan kowa ba. Kada a ƙara ko ɗaya don neman tausayi, domin sukan aiko a duba, kuma ranar da aka kama ƙari, an rufe mana ƙofa ke nan har da na bayanmu.

Wajen kasafin kuɗi, a jera komai dalla-dalla: hayar injin haƙa, man dizal, siminti, waya, ladan leburori. A sa ranar da aka tambayo farashin, tun da darajar fam na sauka kullum. A kuma rubuta namu gudummawar, ko ta aikin hannu ce ko ta kuɗin rago.

Tambayar da ba sa mantawa ita ce: bayan sun tafi, wa zai kula da aikin? Shirin raya Butana da asusun IFAD ya tallafa wa daga 2008 ta hannun kwamitocin jama'a ya yi aikinsa. Saboda haka mu kafa kwamiti mai ma'aji da littafin rasidi, da mata a ciki. In aikin ya shafi burtali, mu haɗa da amincewar manoman da ke maƙwabtaka da shi da ta hukumar kiwo ta jiha, a rubuce.

Daga ƙarshe, tun 2020 jiharmu ta karɓi 'yan gudun hijirar Habasha a Um Rakuba, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya ƙaro dubban 'yan'uwanmu daga Khartum da Jazira. Masu nema sun yi yawa, abin rabon kaɗan ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace unguwa ta nemi ɗanta mai ilimin Larabci ko Turanci, a fara ƙidaya tun kafin a ji sanarwa.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya albarkaci garkenmu.