Daga Akwatin Wasiƙu: Kakanmu Ya Tafi Yaƙin Bama, Bai Dawo Ba

Takardarmu ta yau ta fito daga wani ɗan'uwa mai sayar da shinkafa a unguwar Badariya, Birnin Kabi. Ya ce kakansa manomi ne, da rani kuma yana su a gulbin Rima. An ɗauke shi soja zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, ya bar mata da 'ya'ya uku. Wasiƙa ɗaya tak ta iso gida, daga nan shiru. Wasu suka riƙa cewa ai ya yi aure a Indiya ya manta da iyali, kakarsu ta rasu da wannan magana a ranta. Yana tambaya, ko akwai hanyar sanin gaskiya?

To, Malam, mun gode da wannan takarda. Hanya kam akwai, amma bari mu fara da inda aka kai su.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke ce wa yaƙin Hitila, an yi shi daga 1939 zuwa 1945. Turawan Ingila sun haɗa runduna biyu na 'yan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka tura su Bama don yaƙar Japan. Ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan. Ta 82 ta biyo baya a 1944. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne baƙi. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙungurmin daji, mota ba ta shiga, saboda haka da yawa daga cikin mutanenmu dako suka yi, a ka suke ɗaukar harsashi da abinci, jirgin sama na jefo musu guzuri. Ban da harbi, zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwashe mutane. Barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya duk daga wancan yaƙi suka samo suna.

Ina tuna wani tsohon soja da ke gadin makarantarmu. Ya ce mana in abokinka ya faɗi, nan za ku tona rami ku rufe shi, ku ci gaba, damina ɗaya ciyawa ta shafe wurin. Shi ya sa ni maganar auren nan ban ɗauke ta da nauyi ba. Magidanci mai 'ya'ya uku da ya damu ya sa aka rubuta masa wasiƙa, shirunsa ya fi kama da na mamaci.

Yanzu ga hanyar. Akwai hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila, ta sa sunayen mamatan a intanet, kyauta ake dubawa. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, wadda yau ake kira Yangon a ƙasar Myanmar, an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki. Wasu kuma an binne su a Chittagong, ƙasar Bangaladash.

Sai dai a kula. Soja kan rubuta mutum da sunan yanka haɗe da sunan garinsu, rubutun kuma irin na Bature, don haka za ka tarar da masu suna ɗaya rututu. Lambar soja ce ke rarrabewa. Ka tambayi gwaggwanninka ko wasiƙar nan na nan a ƙasan adaka, domin soja kan sa lambarsa a kai. In an same ta, sa yaro mai waya ya duba maka, ko ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji da ke Birnin Kabi, musamman gabanin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.

In ka ga sunan, Malam, za ka ga har ranar da ya rasu. Ka rubuto mana mu karanta wa jama'a. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan kakarku, amin.