Zafi da Ambaliya: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Magidantan Njamena

Iyayena maza da mata, shugabannin kasuwa, 'yan'uwana masu rumfa da masu tebur, masu talla da 'yan dako, da baƙinmu da suka ƙetaro gadar Ngeli daga Kusseri, barkanku da warhaka. Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta unguwa, aikin jinya na karanta. An ba ni wannan dama in yi muku magana a kan sauyin yanayi, domin al'amarin ya riga ya shigo asibiti, ya shigo rumfa, ya shigo har cikin tukunyar miya.

Ku tuna damunar 2022. Ruwan sama ya yi ɓarna a watan Agusta, sannan a watan Oktoba kogin Shari da kogin Logon suka cika suka tumbatsa. Waliya da Tukura da sauran unguwannin gunduma ta 9 suka koma sai da kwalekwale. A ranar 19 ga Oktoba gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma mutanen da ambaliyar ta shafa a faɗin Chadi sun haura miliyan 1. Shekara 2 kacal bayan haka, a 2024, ruwan ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko: ya taɓa dukkan larduna 23, ya shafi mutum kusan miliyan 2, kuma fiye da 500 suka rasu. A watan Satumbar wannan shekarar ne madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, inda da yawanku kuke da 'yan'uwa da abokan ciniki. Kafin damunar, a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, cikin watan azumi, an yi zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilin da ya sa waɗannan abubuwa ke zuwa a jere.

Dalilin kuwa shi ne wannan. Rana tana dumama ƙasa, ƙasa kuma tana mayar da wani kaso na zafin zuwa sama. A cikin iskar da ta kewaye duniya akwai wasu nau'o'in iska masu tare zafin nan, kamar yadda marfi ke tare tururin tukunya. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce iskar kabon, wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona fetur, gas, gawayin ƙasa ko itace. Kaɗan daga cikinta rahama ce, domin ba don ita ba da sanyi ya hana rayuwa. Amma tun da aka fara manyan masana'antu a Turai, yau fiye da shekara 200, ake ta ƙona man da ke ƙarƙashin ƙasa ana kuma sare dazuzzukan da ke shanye wannan iska. A da, cikin kowane kashi miliyan 1 na iska, kabon kashi 280 ne. Yanzu ya wuce 420. Marfin ya yi kauri, tukunyar tana ƙara zafi. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda zafin duniya ya ɗara na zamanin kafin masana'antu da kusan digiri 1.5.

Wani zai ce, digiri ɗaya da rabi har wani abu ne? Ku tambayi uwar da ta taɓa riƙe yaro mai zazzaɓi. Lafiyayyen jiki digiri 37 ne. In ya kai 38 da rabi, yaro ya daina wasa, ya ƙi nono. Haka duniya take. Kuma mace mai wanki ta san cewa iska mai zafi ta fi saurin busar da shanya. Kowane ƙarin digiri 1 yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Saboda haka zafi yana tsotse ruwan gona da na tafki da sauri, sannan in hadari ya haɗu sai ya juye abin da ya tara a lokaci guda. Shi ya sa fari da ambaliya suke zuwa mana kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Masanan da suka binciki ruwan 2022 a yankin Tafkin Chadi sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara ƙarfinsa da kusan kashi 20 cikin 100.

Tafkin Chadi kansa shaida ne. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi har ya rage kamar kashi 1 cikin 10. Daga baya ruwa ya ɗan dawo, amma ya zama marar tabbas: bana ya ja baya, baɗi ya cinye gonaki. Masunci da manomi da makiyayi duk sun rasa lissafin da suka gada. Ku da ke sayar da banda da gero da dabbobi a Babbar Kasuwa da kasuwar Dembe da kasuwar Gero, ku ne na farko da ke ganin wannan rashin tabbas a farashi.

Abin da ke da ciwo shi ne, ba mu muka kunna wutar ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Mafi yawanta daga Sin da Amurka da Turai da Indiya take fitowa. Amma duk lokacin da aka jera ƙasashen da sauyin yanayi ya fi yi wa barazana, Chadi tana sahun gaba. Dalili a fili yake: yawancin mutanenmu da ruwan sama suke noma, gidajenmu na ƙasa ne, asibitoci sun yi kaɗan, kuma mai ƙaramin jari ba shi da abin da zai koma a kai in kayansa suka jiƙe. Iska ɗaya ce ke kaɗawa, amma rumfar zana ce ke fara faɗuwa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan sama na Allah ne, amma ledar da ta toshe magudana tamu ce. A 2010 hukumar birnin nan ta hana amfani da leda, kun ga yadda tituna suka yi tsaf a lokacin, kun kuma ga yadda ta dawo. Gini a kan hanyar ruwa, da zuba shara a kwata, da sare itatuwan gefen gari, duk suna mayar da ƙaramin ruwa babbar ɓarna.

Duniya ba ta naɗe hannu ba, ko da yake tafiyar tana da nawa. A 2015 kusan dukkan ƙasashe, har da Chadi, suka amince da yarjejeniyar Paris, cewa za a tsayar da ƙaruwar zafi ƙasa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙari kada ya wuce 1.5. A taron 2022 a Sham El-Sheikh ta ƙasar Masar aka amince a kafa asusun taimaka wa ƙasashen da suka yi asara, sai dai kuɗin da aka yi alkawari bai kama ƙafar ɓarnar ba. A nan gida, Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, hedikwatarta a birnin nan take. Akwai shirin Babbar Koriyar Ganuwa na Tarayyar Afirka, na farfaɗo da ƙasa da itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti. 'Yar ƙasarmu Hindu Umaru Ibrahim, Bafulatana daga Bororo, ta kai kukan makiyaya zuwa manyan tarukan duniya. Manoman Maraɗi da Damagaram kuwa sun nuna abin da talaka zai iya: tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, har ƙasar da ta kai hekta miliyan 5 ta sake yin inuwa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kusa da aikina, wato lafiyarku.

Na farko, zafin bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Njamena yakan wuce digiri 40, kuma rumfar kwano ta fi waje zafi. Kada ku jira ƙishirwa kafin ku sha ruwa. Ku dubi fitsarinku: in ya yi kaɗan ya yi ja, jiki yana neman ruwa, kuma yawan maimaita haka yana gajiyar da ƙoda. 'Yan dako da masu turin kaya su yi aiki mai nauyi da sassafe ko bayan la'asar. A shimfiɗa zana ko buhu a ƙarƙashin kwano. Waɗanda zafi ya fi kayarwa su ne tsofaffi, masu juna biyu, jarirai, da masu hawan jini ko ciwon sukari. Irin waɗannan su nemi shawarar likita kafin azumi in ya faɗo a bazara. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi, a yawaita ba shi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. Idan mutum ya fara jiri, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Masu kifi da nama da nono, ku sani cewa a irin wannan zafi kaya kan lalace kafin wari ya fito. Ku rage yawan sari, ku rufe, ku ajiye a inuwa.

Na biyu, ambaliya. Ku riƙe wannan da kyau: ruwan Shari da Logon daga nesa yake tasowa, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Yakan ɗauki makonni kafin ya iso, shi ya sa kogi ke kai ƙarshen cikarsa a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwan sama ya ɗauke a nan. Ɗaukewar damuna ba ta nufin haɗari ya wuce. Tun watan Yuni ku fito a yi gayyar yashe magudanu. Ku ɗora buhunan hatsi a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Gyaɗa da masarar da suka jiƙe suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta, wanki da dafuwa ba sa kawar da ita. Asarar buhu ta fi asarar rai sauƙi, kada a sayar, kada a ba yara. Takardun haihuwa da katin rigakafi da na awo a ƙulle su wuri ɗaya a rataye a sama. Ku san tun yanzu gidan wa za ku kai tsofaffi da yara in ruwa ya shigo da dare. In hukuma ta ce a tashi, a tashi.

Na uku, cututtukan da ke biyo bayan ruwa. In masai ya cika, ƙazanta takan gangara rijiya, daga nan sai amai da gudawa. Ruwa yana iya yin garau alhali akwai cuta a cikinsa. A tafasa shi ko a saka ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta. A wanke hannu da sabulu bayan ban-ɗaki da kafin taɓa abinci. Da zarar gudawa ta fara, a fara ba da ruwan gishiri da sukari. In babu na fakiti, a haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In kashin ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, kada a kwana a gida. Ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani. In masu rabon maganin kariyar zazzaɓi na damuna suka zo, a ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, a kuma cika kwana ukun kowane zagaye. Zazzaɓi in ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani. Ku da ke ƙetare iyaka da iyali zuwa Kusseri ko Gamboru ko Difa, ku riƙa tafiya da katin rigakafin yara, domin cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Na huɗu, abin da za mu yi tare. Tun daga ƙarshen 2008 aka hana gawayin itace a birnin nan don kare daji, kuma kun san wahalar da hakan ya jawo wa mata. Mai halin sayen tukunyar gas ya saya. Wanda bai samu ba ya nemi murhu mai tsimin itace, a yi girki inda iska ke shiga, kada a goya jariri a gaban hayaƙi, domin hayaƙin nan yana jawo ciwon huhu. Kowace rumfa ta dasa bishiya ɗaya, dogon yaro ko mangwaro, a kewaye ta saboda awaki, a sa wanda zai riƙa ba ta ruwa har ta kama. A zo kasuwa da kwando. Ƙungiyoyin adashi su ware wani kaso don ranar da ruwa ko gobara ta cinye jarin ɗayanku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin kasuwa kuma ku je ga magajin gari da murya ɗaya ku nemi a gyara magudanu da shingen bakin kogi tun rani, ku koma ku sake tambaya har a yi.

Iyayena da 'yan'uwana, rage hayaƙin duniya nauyi ne da ke wuyan manyan ƙasashe, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da neman su cika alkawari. Amma ruwan da yaronki zai sha gobe, da inda za ka ajiye buhunanka kafin Agusta, waɗannan a hannunmu suke. Rigakafi ya fi magani. Ku kai wannan takarda gida, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai tambaya ya same mu a cibiyar lafiya mafi kusa da shi.

Allah ya ba mu damuna mai albarka, ya kare mana iyali, ya sa albarka a kasuwa.