Abin Hawan Su Da Farauta: Duba Hanyar Dawowa Kafin Ka Saya

Ruwa ya ɗauke, hunturu ya kunno kai, rafuka sun fara janyewa. Lokacin da masunta ke gyaran koma ke nan, mafarauta na shafa wa bindiga mai. Lokacin ne kuma wanda ya sayar da doyarsa ko audugarsa yake zuwa da tambaya: wane abin hawa zan saya?

To, ka fara da dawowa, ba da tafiya ba. Da asuba ka fita da sanyin jiki, kaya ba nauyi, kowace mota zaki ce. Da la'asar fa? Ka gaji, kwando cike da tarwaɗa da karfasa, rana ta dake su, ga kilomitoci tsakaninka da kwalta. Nan ake gane abin da mutum ya saya.

Ɗauki hanyar Paraku zuwa Jugu, sama da kilomita 130 ce, kuma a Beteru take tsallaka kogin Weme. Kwaltar ba ta da matsala. Amma kifi ba ya kwana a kan kwalta. Sai ka sauka ka bi jar ƙasa, daga nan hanyar gona, daga nan 'yar siririyar hanyar ƙafa da ta ratsa fadama. Haka abin yake ta wajen kogin Okpara, gabas da Paraku. Ƙaramar motar gida, irin tokumbon da ake ɗaukowa daga Kwatano, cikinta a ƙasa yake. Kututture ɗaya ya ishe ta zubar da baƙin mai. Ka bar ta ga kai amarya.

Katkat, irin su Hilux, ba wanda ya raina ta. Sai dai ka tambayi kanka: kifi nawa za ka kama kafin ka mayar da kuɗin taya ɗaya? Kuma tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023, man kwalba na bakin titi, wanda ake kira kpayo, ya daina arahar da muka saba. In ba ƙungiya ce ku ba, kuna haɗa kuɗi, katkat ado ce kawai.

Ni dai, ga mutum ɗaya ko biyu, babur nake zaɓa, kuma ba kowane babur ba. Irin wanda 'yan zemijan ke hawa, su Bajaj da Haojue. Dalili? Ba don ya fi kyau ba. Don duk ƙauyen da ka tsaya tsakanin Paraku da Jugu akwai yaron da ya san cikinsa, akwai fulogi da sarƙa a rataye a rumfa. Babur mai baƙon suna, in ya mutu maka a bakin Weme, sai a ce a aika Kwatano, kifinka kuwa ba zai jira ba. Kafin ka biya, ka durƙusa ka duba tsayin cikinsa daga ƙasa, ka girgiza kariyar baya. Ka sa maƙeri ya ƙara mata ƙarfe. Kayan faci, famfo, da jarkar mai ƙarama, waɗannan kada su rabu da kai.

Mai ƙafa uku na ɗaukar kaya yana da amfaninsa, musamman ga mai sarin kifi ko mai yin banda a bakin ruwa, da itace da buhun gishiri. Amma faɗinsa ya fi hanyar ƙafa, kuma in ya karkata a gangare da lodi, kifewa yake yi, ba ya shawara.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Kowa a Paraku ya san farautar gayya ta rani: a yi hayar babbar mota, samari su cika ta har saman ƙarfe, ga karnuka, ga kulake, ga bindigogin toka, ana kiɗa ana ihu. Malam, motar ɗaukar buhunan masara ce wannan, ba ta da wurin riƙewa. Birki ɗaya mai ƙarfi, mutum ya faɗo. Bindiga mai ɗuri kuma, a cikin cunkoso da girgizar hanya, ba ta san ɗan'uwa ba. In ɗanka zai bi irin wannan mota, ka je ka ga direban da idonka, ka ga tayoyin, ka tabbata ana sauke ɗuri kafin a hau. Zomo biyu da gafiya ba su kai karayar ƙugu ba.

Sannan abin hawa mai shiga ko'ina ba izinin shiga ko'ina ba ne. Dajin Wari-Maro da na Weme ta Sama gandun gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na tsaron su, kuma ba kai kaɗai za a riƙe ba, har babur ɗin. Pendjari da W kuwa, ban da doka, yanzu akwai matsalar tsaro. Kada ma ka nufi can. Takardar farauta, takardun babur, inshora, ka naɗe su a leda saboda ruwa. Hular kwano biyu za ka saya, taka da ta wanda ka goya, don 'yan sanda na tambayar duka biyun a shingen hanya.