Ƙarar Nokawut a Sahuda

Disamba na shigowa za ku ga nokawut ya cika teburan 'yan tireda, daga Mubi har Sahuda, bakin iyakarmu da Kamaru. Ɗan abu ne kamar yatsa: takarda aka naɗe tam, aka liƙe ta da gam, aka ɗura mata albarushi. Yaro ya ƙyasta kansa a jikin kwalin ashana, ya cilla, ya toshe kunne. Idan liƙin bai kama ba, ko danshi ya taɓa takardar, sai ya yi shiru, yaron ya koma ya ɗauka, a hannunsa zai tashi.

A watan Disambar 2012, rumbun irin wannan kaya ya kama wuta a Jankara ta Legas, gobarar ta ci gine-gine.

Mu kuma namu tashin hankalin ya fi haka. Wanda ya ga Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta shiga Mubi, mutane suka bi ta Sahuda suna gudu, ba ya jin wannan ƙara a matsayin wasa. Tsohuwa tana tsakar gida sai gabanta ya faɗi.

'Yan sanda kan hana shi duk shekara, amma ba a fasa sayarwa. Iyaye, kuɗin daga aljihunku yake fita. Ku daina bayarwa.