Jawabin Sakatare: Kanun Saƙon Talla da Abin da Doka Ta Ce

Iyayenmu, sarakunan Hausawa, da 'yan'uwa na Fatakwal, Anacha da Inugu, barkanmu da zuwa.

Maganar yau a kan saƙonnin imel ne da masu talla ke turo mana a waya. Sai mu ga an rubuta a sama, "Kuɗinka sun iso" ko "Za a rufe asusunka yau", mu buɗe hankali a tashe, ashe tallar bashi ce ko ta caca. Mu da muka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci mun fi kowa shiga wannan tarko, domin sau da yawa kanun muke karantawa, sauran sai yara sun dawo daga makaranta. Kafin nan wani har ya bar rumfa ya tafi banki.

A Amurka, tun 2003 aka yi dokar CAN-SPAM, wadda ta hana ɗan kasuwa sa kanun da ya saɓa wa abin da ke cikin saƙo, ta kuma tilasta masa ba mutum hanyar cewa a daina turo masa.

A nan Najeriya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta yaudara a talla, kuma hukumar FCCPC ce ke karɓar ƙorafi. Idan abin ya kai ga damfara, wato an turo ƙarya da niyyar cin dukiyar mutum har ya yi asara, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ba mu ikon cewa kada a yi amfani da bayananmu wajen turo mana talla.

Wasunmu kan ce, "Mu baƙi ne, wa zai saurare mu?" Waɗannan dokoki na tarayya ne. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko garin haihuwa. Mai sayar da albasa a Anacha da mai shanu a Garkin Inugu haƙƙinsu ɗaya da na ɗan gari.

Don haka kada mu goge saƙon, shi ne shaidarmu. Kada mu latsa komai a cikinsa, kada mu ba kowa lambar sirrin katinmu. A kawo wayar wurin sakatare, mu ɗauki hotonsa da kwanan wata, mu rubuta ƙorafi tare. Wanda kuma saƙonnin tes na talla suka dama, ya tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar NCC ta ware tun 2016.