Haƙƙin Mawaƙi da Marubuci a Zamanin Na'ura Mai Koyo



A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari namu na Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta maye gurbin ta 1988. Dokar ta kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Ta kuma kare tatsuniya da waƙoƙin gargajiya, ta damƙa ikon ba da izinin cinikinsu ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. A takarda, madalla.

To amma, jama'a, doka ba ta zama a teburin ciniki. Kowa a nan ya san yadda ake kwafar kaset ɗin Alhaji Mamman Shata a kasuwa tun yana raye, har ya rasu a 1999, mai shago bai taɓa tunanin akwai wanda zai biya ba. Da faifan CD ya zo, haka masu fim na Kano suka sha a hannun masu satar fasaha. Mai waƙa shi kaɗai ne, masu kwafa kuwa ba sa ƙirguwa. Wa zai kai ƙara?

Yanzu ga wani sabon mai kwafa, wanda ba shi da rumfa a kasuwa. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna tattara rubutu da muryoyi daga intanet su ciyar da na'ura, ita kuma ta koyi yin irinsu. Hausa na cikin harsunan da ake nema. Duk wanda ya ɗora littafinsa ko waƙarsa a YouTube ko Facebook, aikinsa na iya shiga wannan tukunya ba da saninsa ba. Mai kaset dai waƙar kawai yake sayarwa. Na'ura kuwa salon mawaƙin take koya, ta yiwu gobe ta yi gasa da shi.

Ku dubi Amurka. A 2023 marubutan fim, su fiye da 11,000, suka yi yajin aiki na kwana 148. Suka samu yarjejeniya cewa ba za a ɗauki abin da na'ura ta rubuta a matsayin aikin marubuci ba, kuma ba za a tilasta wa kowa amfani da ita ba. Batun koyar da na'ura da rubutunsu fa? Nan ba su samu hani kai tsaye ba, sai dai suka riƙe damar ƙalubalantarsa. Masu ƙungiya da lauyoyi ke nan, malamai! Ina ga makaɗin da ke bin biki a Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure?

Mu ma ba baƙin haɗa kai ba ne. Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun yi ƙungiyar Raina Kama, suka buga littattafansu da kansu lokacin da manyan kamfanoni ba sa kallonsu.

Don haka ina roƙon shugabanninmu abu ɗaya. A cikinmu akwai lauyoyi da malamai da ma'aikatan gwamnati. A kafa ɗan kwamiti ya rubuta takardar yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya, wadda mawaƙi ko marubuci zai miƙa wa duk mai son ɗaukar aikinsa: nawa za a biya, na tsawon wane lokaci, kuma an yarda a koyar da na'ura da shi ko ba a yarda ba. A karanta musu ita a taronmu na baɗi, su kawo gyara.